Dokar Gini: Daga Sarkin Magina Zuwa Takardar Shaida

Jama'a, duk wanda ya taɓa kwana a Yola ko Jimeta cikin watan Maris ko Afrilu, ba sai an gaya masa mene ne zafi ba. Da rana zafi kan haura digiri 40, da dare kuma ɗakin bulo da kwano ya yi ta amayar da abin da ya haɗiya tun safe, har sai mai gida ya naɗe tabarmarsa ya fito tsakar gida. Amma wanda ya taɓa shiga tsohon zauren ƙasa da tsakar rana ya san irin sanyin da ke tarbar mutum tun daga bakin ƙofa, ba fanka, ba lantarki. To, yaya aka yi muka bar wancan muka kama wannan? Amsar tana cikin tarihin dokokin gini, kuma ya kamata mu mutanen Makama mu san shi.

Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841. Da Bature matafiyi Barth ya iso a 1851, zamanin Lamiɗo Lawal, ya tarar da gari mai faɗi, galibinsa ɗakunan zagaye masu jinka a cikin manyan gidaje. Kakanninmu kuwa sun yi ta zuwa daga Kano da Katsina da Zazzau da sauran ƙasar Hausa, wasu fatake, wasu malamai, wasu masu sana'ar hannu. Kowa ya zo da abin da ya iya, har da gini.

A can inda suka fito, gini ba a yinsa da ka. A birane irin su Kano da Zariya akwai Sarkin Magina, shi ne shugaban masu sana'ar, shi ke kula da aikin fada da masallaci da ganuwa. A Zariya har yau ana tunawa da Muhammadu Durugu, wanda aka yi wa laƙabi da Babban Gwani, magini da ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarim. Dokar waɗannan mutane ba a takarda take ba, a ka take, ɗa ya gada wajen uba. Amma fa doka ce sosai.

Da rani ake gini, ba da damina ba. Sai an kwaɓa ƙasa da ciyawa an bar ta ta ruɓa, sannan a mulmula tubali a shanya ya bushe sarai. Bango a fara shi da kauri daga ƙasa, yana tashi yana sirancewa. Azara ta giginya ake nema, don gara ba ta cika cin ta ba, kuma ba a ɗora mata faɗin da ya fi ƙarfinta. Idan ɗaki babba ne sai a ɗaure baka. A shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a dalaye rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Taga ƙarama ce, kuma a sama. Kafin ruwan farko kowa ya yi yaɓe. Akwai kuma haƙƙin maƙwabci: indararonka ba zai zuba a gidan wani ba, tagarka ba za ta leƙa tsakar gidansa ba, in ka yi kuwa sai gaban mai unguwa ko alƙali. Takardar shaidar magini ita ce gininsa. Wanda soronsa ya rufta, ba mai sake kiransa.

Turawan Ingila suka ci Yola a 1901, Lamiɗo Zubairu ya fita. Daga nan sai doka ta koma takarda. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Lugga, ta raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, har aka tanadi fili mai faɗin yadi 440 a tsakani, wai don gudun sauro da cuta. A 1946 aka yi dokar tsara gari da karkara. Abin lura a nan shi ne, a idon masu waɗannan dokoki, ginin kirki shi ne na siminti da dutse da kwano. Ginin ƙasa kuwa na wucin gadi ne. Jimeta tana bakin Binuwai, a wancan zamani idan kogi ya cika da damina jiragen kamfani kan iso da kaya, ciki har da kwano da siminti. A hankali rufin kwano ya zama alamar arziki, mai soro kuma a ce bai waye ba.

Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, Yola ta zama hedkwata, ga kuɗin mai, ga ma'aikata sun cika gari. Kamfanin siminti na Ashaka ya fara aiki a 1979. Gini ya ɓarke ko'ina, har a fadamun da dattawa ba sa yarda su kafa ko da rumfa. Dokoki ma suka yi ta fitowa: ta mallakar ƙasa a 1978, ta tsara birane a 1992, sannan Kundin Dokokin Gini na Ƙasa a 2006. Babbar damuwar wannan kundi ita ce kada gini ya rushe a kan mutane, kada gobara ta tashi. Wannan daidai ne. Sai dai shekara da shekaru ba a tambayi zafin da mutum zai sha a cikin ɗakin ba.

Abin mamaki, ƙasashen da muka kwaikwaya su ne suka fara juyawa. Tsadar mai ta 1973 ta sa suka fara lissafin wutar da gidaje ke ci. Daga baya masana suka gano cewa yin siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Sai suka ƙirƙiro tsarin duba gini a ba shi maki da takardar shaida. Ingila ta fara da BREEAM a 1990, Amurka ta biyo da LEED a 1998. A 2014 wani reshe na Bankin Duniya ya fito da EDGE domin ƙasashe masu tasowa, inda a lokacin aka so gini ya rage aƙalla kashi 20 cikin 100 na wuta, da na ruwa, da na makamashin da aka ƙona wajen yin kayan ginin. A Legas, benen Heritage Place da ke Ikoyi, wanda aka gama a 2016, ya sami shaidar LEED. Gwamnatin Tarayya ita ma ta ƙaddamar da dokar tsimin makamashi a gine-gine a 2017, wadda ta yi magana a kan rage girman tagogi, da yi musu inuwa, da sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, da fitilu da na'urar sanyaya ɗaki marasa cin wuta.

To, mai karatu, dubi wannan jeri da kyau. Kayan gini na kusa, ba na nesa ba. Ƙaramar taga. Inuwa. Rufin da ba ya shigo da zafi. Ashe ba abin da Sarkin Magina ke cewa ke nan ba? An yi gudun gara an faɗa gidan zago, yanzu kuma ana biyan ƙwararru su koya mana hanyar komawa. Tun a 1986 ma masallacin ƙasa na garin Yama a Jamhuriyar Nijar, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine.

Amma kada mu yaudari kanmu. Ginin ƙasa yana da maƙiyi, shi ne ruwa, mu kuwa a bakin ruwa muke. Ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru a kan kogin da ya riga ya cika, sun nuna mana haka. A Yulin 2025 ma ruwan sama ya yi ɓarna a Yolde Pate da Shagari, aka rasa rayuka da gidaje. Bangon da gindinsa ya jiƙa ba ya jiran kowa. Ga kuma wahalar yaɓe duk shekara, giginya ta yi ƙaranci, gwanayen ɗaurin baka sun tsufa ba magada. Saboda haka ba cewa muke yi a koma jiya ɗungurungum ba.

Akwai hanya ta tsakiya. A garin Dandaji na Nijar, a 2018, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da bulon jar ƙasa wanda inji ke matsewa, suka kuma mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. A nan gida ma cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana ƙera injin buga irin wannan bulo, ana ɗan barbaɗa masa siminti kaɗan. Jar ƙasa kuwa ba baƙuwa ba ce a Adamawa.

Takardar LEED ba ta talaka ba ce, kuɗin dubawa kaɗai ya isa gina ɗaki. Amma hikimar da ke cikinta kyauta ce. Wanda zai yi gini a cikinmu, ya fara tambayar dattawan wurin inda ruwa ke bi, kada arhar fili ta ruɗe shi. Ya kai zanensa hukumar tsara birane a sa hannu. Ya ɗaga harsashi da dutse da siminti ya wuce inda ruwa ke kaiwa. Ya sa silin, ya ɗaga rufi, ya bar kafar da zafi zai fita, ya rage tagogi ta yamma. Kada ya malale tsakar gida duka da siminti, ya bar wa darbejiya ko mangwaro wuri. Kada kuma ya toshe kwata don ƙarin shago ɗaya.

Ita kuma ƙungiyarmu, muna ba ta shawara ta nemo tsofaffin maginan da suka rage, a zaunar da su tare da 'ya'yanmu da suka karanta zanen gini da injiniya, a rubuta abin da ke kansu tun suna raye. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ba mu muhalli mai albarka, ya kare mu daga ruwa da wuta, amin.