Gardi: Sunan da Ya Sauko Daga Kan Turmi

Idan aka kira mutum gardi a kasuwar Madobi ko ta Kura a yau, da wuya ya ɗauke shi yabo. Abin da ke faɗo wa mai ji shi ne ƙato majiyi ƙarfi, marar aure, marar kunya. Amma a bakin mutanen tsangaya kalmar matsayi ce a karatun allo: yaro yakan fara da ƙolo, ya zama titibiri, sannan gardi, kafin a kai ga malam, alaramma da gwani. Gardi baligi ne da ya sauke ko ya kusa, yana neman hadda, yana biya wa ƙanana karatu idan malam ya fita. Daga nan sunan ya bi mai wa'azi, har aka san wa'azin gardawa, wanda ake kuma ce wa wa'azin turmi, saboda turmi ake kifewa mai wa'azin ya hau don na baya su hango shi.

Abin da ya haɗa gardi da turmi shi ne ci-rani. A ƙauyukan kudancin Kano, gardi kan yi noma da damina, sau da yawa a gonar malaminsa. Da an kai amfani gida sai ya ɗauki allo da buzu da gafaka ya nufi birni, ko ya yi gabas, Haɗeja, Nguru, Gashuwa har Maiduguri, yana ɗinkin hula ko ga-ruwa don ya ci. Baƙo irin wannan ba shi da masallaci, ba shi da zauren da ɗalibai za su same shi, kuma ba sarkin da ya naɗa masa rawanin limanci. Abin da yake da shi bakin kasuwa ne da tasha da dandali bayan sallar isha. Wurin ne ya yi salon: a ja aya da kari mai daɗi, a warware ta da Hausar kasuwa, a sa barkwanci don kada taro ya watse, a faɗa wa mai awo da mai mulki laifinsu ba sakayawa, tunda gobe mai maganar ya yi gaba. Malam Lawan Ƙalarawi na Kano ya kai irin wannan salo har zamanin kaset.

Wani zai ce rainin ba sabo ba ne, tunda masu wasa da kura da maciji su ma gardawa ake ce musu tun da daɗewa. Haka ne, kuma ba a rasa dalili ba: dukansu maza ne ƙarfafa, matafiya, masu tara jama'a a fili. Sai dai Bahaushe bai taɓa ruɗa mai allo da mai kura ba, kamar yadda bai ruɗa sarkin gari da sarkin pawa ba. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta malaman zaure, cewa haddar Alƙur'ani daban, sanin fiƙihu da nahawu daban, kuma gardi kan fassara abin da bai karanta a gaban kowa ba. Wannan suka tana da gaskiya, ba a musunta. Amma tana magana ne a kan wanda ya hau turmi kafin lokacinsa, ba ta mai da sunan kansa zagi ba.

Sunan ya faɗi ne a tsakanin shekaru kaɗan. Tun ƙarshen shekarun 1960 tafsirin Sheikh Abubakar Gumi ke shiga gidaje ta rediyon Kaduna, a 1978 aka kafa Izala a Jos, wa'azi ya koma na ƙungiya da lasifika da ambaton littafi. Sai ga rikicin Disambar 1980. Muhammadu Marwa Maitatsine, wanda aka taɓa kora daga Kano a 1962, ya dawo ya tara mabiya a unguwar 'Yan Awaki, kuma kwamitin Mai Shari'a Aniagolu ya ƙirga mutum 4,177 da suka mutu a rikicin. Da manazarci Paul Lubeck ya yi rubutu a kan lamarin a 1985, da kalmar gardawa ya siffanta mabiyan, yana danganta fushinsu da durƙushewar ƙananan sana'o'in rani a zamanin kuɗin fetur. Laifin ɓangare ya rataya a wuyan suna gaba ɗaya, alhali dubban gardawa ba su taɓa taka 'Yan Awaki ba.

A yankin Madobi akwai ƙarin dalili da ba a cika ambata ba. Da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudanan Kadawa zuwa gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam, rani ya zama lokacin alkama da tumatir da kasuwar Kwanar Gafan. Saurayin da a da zai rataya gafaka bayan kaka ya sami aiki a kusa da gida, kuma turmi ba ya samun mai hawa idan matafiya sun ragu. A tsangaya kuwa ba abin da ya taɓa kalmar: wanda ya wuce titibiri har yau gardi ne, kuma shi ke tsare allunan ƙolawa idan malam ya yi tafiya.