Tantance Ƙwarewa Kafin Zaɓen Sana'a

Tantance ƙwarewa shi ne mutum ya gano abubuwan da ya iya kafin ya zaɓi sana'a ko fannin karatu. Ana raba ƙwarewa gida biyu: ta hali, kamar haƙuri, riƙon amana da iya zama da jama'a, da ta aiki, kamar ɗinki, walda, lissafi da sarrafa kwamfuta.

Tarihi

A shekarar 1909 aka buga littafin Frank Parsons, ɗan Amurka, wanda ya shimfiɗa matakai uku: sanin kai, sanin abin da sana'a take buƙata, sannan auna su biyun. A Najeriya an fara ba ɗalibai irin wannan shawara a 1959 a kwalejin St. Theresa da ke Ibadan. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 kuma ta tanadi malaman ba da shawara a makarantun sakandare.

A Ajingi

A al'adar Hausawa sana'a gado ce, ɗan maƙeri da ƙira yake tashi. Yanzu makaranta ta faɗaɗa zaɓi. A ƙaramar hukumar Ajingi ta jihar Kano, inda noma da kiwo suka fi yawa, matashin da ya saba auna hatsi a kasuwa ya riga ya iya lissafi da ciniki, ko da bai ɗauke su a bakin komai ba. Sanin haka yana taimaka masa wajen zaɓen ajin kimiyya, adabi ko kasuwanci bayan ƙaramar sakandare, da lokacin cike JAMB. Wanda ya bi zaɓin abokai yakan ɓata shekaru a fannin da bai karɓe shi ba.