Tarihin Ƙugiya da Zare a Hannun Masuntan Malanville

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata sana'ar hannu da ta danganci su, wato ɗaura gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, domin a yaudari kifi. Masu wannan aiki sukan ɗaura irin waɗannan ƙwari na ƙarya don ƙananan kifaye masu faɗin jiki, waɗanda ɗaya yakan shiga kaskon suya. Garin Malanville na arewacin Jamhuriyar Benin yana da irin waɗannan kifaye, kamar karfasa da kawara, yana kuma da masunta na gado, amma ƙwaron ƙarya bai zama kayan aikinsu ba. Dalilin hakan yana cikin yanayin kogin da kuma abin da masuncin yake nema a cikinsa.

Garin da Mutanensa

Malanville tana gaɓar Kogin Kwara, cikin jihar Alibori, tana fuskantar Gaya ta Jamhuriyar Nijar. Tsohon sunanta Tassi, wato yashi a harshen Dandi, kafin a laƙaba mata sunan Malan, ɗaya daga gwamnonin Faransa a Dahomey. A shekarar 1958 aka haɗa ta da tsallaken Gaya da gada. Yankin ƙasar Dandi ce, inda ragowar sarautar Songhai ta koma bayan yaƙin Tondibi na 1591. Tun kafin wannan lokaci masu ruwa a daular su ne Sorko, kuma da sunansu ake danganta Sarkawa, masuntan Kabi masu magana da Hausa, waɗanda suka bazu a bakin Kwara da jiragensu da komayensu.

Asalin Ƙwaron Ƙarya

Wajen shekara ta 200 Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Eliyan ya bayyana yadda mutanen Makidoniya ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashin zakara guda biyu, su jefa a kogi. A 1496 aka buga wani littafin su a Ingila wanda ya lissafa ƙwari na ƙarya goma sha biyu, kowanne da watan da ya dace da shi. Daga nan sana'ar ta bunƙasa har ta samu kayan aikinta: abin matse ƙugiya, abin riƙe zare, ƙaramin almakashi mai tsini, da hantsaki na kama gashi. Cikin gashin da ake nema har da na zabo da na jimina, tsuntsayen Afirka.

Sharaɗin wannan dabara ɗaya ne: kifi ya ga abin da aka jefa masa. Shi ya sa ta girma a ƙoramu masu ruwa garai-garai, inda kifi ke farautar ƙwari da ido. A can ne karin maganar nan ta Hausawa, kifi na ganinka mai jar koma, ta fi tabbata, domin launin zare da girman gashi su ne ke raba mai kamu da mai komawa gida hannu rabbana.

Abin da Kwara ta Koyar

Kwara a Malanville takan cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta damina ce, wajen Agusta da Satumba, lokacin da ruwan sama na yankin da rassa irin su Sota da Alibori da Mekuru ke kwaso jar ƙasa. Ta biyu tana isowa da hunturu daga tsaunukan Gini, bayan ta daɗe a fadamun Mali ta zubar da lakarta. A cikar farko ruwa kan yi jajir, kifi ba ya hangen nesa. Tarwaɗa da ƙurungu da ragon ruwa kuwa dama da gashin baki da ƙanshi suke neman abinci. Saboda haka masunci ya zaɓi abin da ke da wari ko motsi: tana, fara, shinge, ɗan ƙaramin kifi, har da gutsuren sabulu ga tarwaɗa.

Dalili na biyu shi ne bukata. Mai ƙwaron ƙarya kifi ɗaya yake kamawa a kowace jifa, kuma galibi don nishaɗi yake yi. Basarke yana neman abin da zai cika kwando, a banda shi, a kai kasuwa. Don haka hikimarsa ta tafi wajen kayan da ke aiki ko ba ya nan: mamari, doguwar igiya mai ƙugiyoyi jere da ake shimfiɗawa a ƙasan ruwa, da gura, tarkon saƙa da ake zuba wa dusa. Fatsa ta kara da zare ɗaya ta rage ga yara da masu neman na miya.

Sauyin Kayan Aiki

A da, zaɓen kayan su ilimi ne da ɗa ke koya daga uba. Maƙeri ke ƙera ƙugiya, ya fitar mata da kunne, masunci kuma ya murɗa igiyarsa daga rama ko auduga, ya jiƙa ta a ruwan ɓawon itace don kada ta ruɓe da wuri, ya yi mata gora ko busasshen itace mara nauyi ya riƙe ta a sama. Koma guda takan ci watanni ana saƙa, shi ya sa ba a wasa da ita.

Abubuwa biyu daga waje suka rushe wannan tsari. A 1877 kamfanin Mustad na ƙasar Norway ya samar da injin ƙera ƙugiya, sai ƙugiyoyi masu lamba suka cika kasuwannin duniya a farashin da maƙeri ba zai iya gasa da shi ba. A 1935 kuma kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro zaren nailan, wanda ya isa hannun masuntan Afirka ta Yamma a shekarun 1950 da 1960. Nailan ba ya ruɓewa, ba shi da nauyi, kuma siririnsa ba ya ganuwa cikin ruwa. Zaren da ya sauƙaƙa wa mai ɗaura ƙwaro a Amurka aikinsa shi ne ya ba kowa a bakin Kwara damar mallakar koma, ko ya gaji sana'ar ko bai gada ba.

Kammalawa

Sauƙin kaya ya zo daidai da ƙarancin ruwa. Farin 1973 da na 1984 sun ƙuntata fadamun da kifi ke hayayyafa, har a 1985 kogin ya kusan tsayawa a Yamai. Da manyan kifaye suka ragu, sai idon koma ya riƙa ƙanƙancewa, ana kwashe karfasa tun ba ta kai yin ƙwai ba. A nan tarihin biyu ya haɗu, domin mai ɗaura gashi da mai saƙa koma duk girman kifin da za su kama suke zaɓa a ranar da suka zaɓi lambar ƙugiya ko faɗin ido. A Malanville wannan zaɓi ne zai yanke ko masuntan gobe za su tarar da abin kamawa a tsakanin gaɓar Benin da ta Nijar.