Manajar da ke wanke riguna

A wani zaure a Koki na iske ɗan yayata ya duƙufa kan waya yana kallon katun ɗin Japan mai suna Moshidora. Ya ɗago ya ce, "Kawu, wai wannan yarinyar ce manajar kulob, amma ga ta tana raba ruwa." Na ce masa ai kan labarin ke nan ya taɓa.

A bakin Bakano, manaja mutum ne mai ofis da kujera mai juyawa: manajan banki, manajan gidan mai. A ƙwallon Ingila kuma shi ke fitar da 'yan wasa, shi ake kora idan an sha kashi. Japanawa sun ari kalmar daga inda muka aro ta, suka ce "maneja", sai dai a makarantun sakandarensu sun sauke ta ƙasa. Yawanci ɗaliba ce mai rubuta maki da wanke riguna da tattara ƙwallaye. Mai ba da umarni sunansa daban, "kantoku", wanda mu za mu kira koci.

Natsumi Iwasaki ya gina littafinsa na 2009 a kan wannan ruɗani, tashar NHK ta nuna shi a katun kashi 10 a 2011. Yarinyar labarin, Minami, ta karɓi aikin maneja, ta je kantin littattafai neman jagora, ta dawo da littafin Peter Drucker na tafiyar da kamfanoni. Tun da ta riga ta biya kuɗi, sai ta karanta, ta shiga juya kulob ɗin da shi har suka nufi Koshien, filin da kowane ɗan wasan baseball na sakandare a Japan ke mafarkin takawa. Sunan katun ɗin ma gutsure ne: "moshi" na nufin "in da", "dora" kuma farkon sunan Drucker ne yadda harshensu ke lanƙwasa shi.

Wasan kansa sun yi masa suna na gida tun 1894, "yakyu", wato ƙwallon fili. Mu kam har yau muna kame-kame, wani ya ce ƙwallon sanda, wani ƙwallon gora, alhali hoki ma da gora ake kiransa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, fataken da a da ke tashi daga wajejen kasuwar Kurmi zuwa Gwanja neman goro sun raba waɗannan ayyuka da sunaye tun kafin Drucker ya zo duniya. Madugu ke da ayari, jagaba ke gaba yana duba hanya. Da muka zo ƙwallo sai muka bar su, muka ɗauki koci da kyaftin da gola, har a Kano Pillars.

Yaron ya saurare ni ya ce, "To Kawu, ita Minami madugu ce ko 'yar aike?" Na ce ya kai kashi na goma tukuna.