Yadda ake tono asirin tsofaffin fiyano

Daga dakunan naɗar waƙa na Kano zuwa wuraren biki a Dutsin-Ma da Kurfi, da wuya a raba waƙar Hausa ta zamani da na'urar kiɗa da ake kira fiyano.

A tsakiyar shekarun 1990 ne dai masu shirya fina-finai a Kano, irin su kamfanin Iyan-Tama, suka rungumi fiyanon Yamaha samfurin PSR, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya nuna a bincikensa.

To sai dai an daina ƙera waɗancan samfura, kuma wadda ta lalace ba kasafai ake samun kayan gyaranta ba.

Ina sautin yake?

Sautin fiyano ba a maɓallanta yake ba. Yana cikin wasu 'yan ƙananan ƙwaƙwalen lantarki, tare da manhajar da kamfani ya dasa, wadda ke umartar na'urar abin da za ta yi idan aka danna maɓalli.

Kamfanoni ba sa wallafa wannan manhaja. Haka kuma wasu ƙwaƙwalen kan fara zubar da abin da ke cikinsu bayan shekaru masu yawa.

Don haka ne masana ke bin aikin ta baya. Sukan cire ƙwaƙwalwar, su kwafe lambobin cikinta zuwa kwamfuta, sannan su bi su layi-layi har su gane aikin kowane umarni.

Misalin DX7

Ɗaya daga cikin na'urorin da aka yi wa wannan bincike ita ce Yamaha DX7, wadda ta fito a 1983. An gina ta ne a kan wata dabarar haɗa sauti da John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford ta Amurka.

A 2021, wani injiniya mai suna Ken Shirriff ya nazarci hotunan cikin ƙwaƙwalwar sautinta da madubin da ke girmama ƙananan abubuwa.

Ya nuna cewa maimakon lissafin sau, wanda ke da tsada ga na'urorin wancan zamani, injiniyoyin Japan sun dasa jadawalin lambobi da ya sa lissafin tarawa ya wadatar.

Wani masanin kuma ya warware manhajar DX9, ƙanwar DX7 mai araha. Ƙwaƙwalen sautinsu iri ɗaya ne, amma manhajar DX9 na amfani da matattarar sauti 4 ne kawai cikin 6. Da ya sake rubuta ta, sai sauran biyun suka buɗe.

Amfani da cikas

Irin wannan aiki na bai wa masu gyara damar maye gurbin ƙwaƙwalwar da ta mutu, yana kuma sa a iya kwaikwayon sautin a kwamfuta.

Sai dai manhajar mallakin kamfani ce, don haka masu rubuta manhajojin kwaikwayo kan nemi mutum ya kwafo ta daga na'urarsa.

Wannan ne ya sa tsohuwar fiyano, ko da ta daina aiki, ba abin jefarwa a bola ba ce. Matuƙar ƙwaƙwalwarta na nan lafiya, ana iya ceto sautin da aka yi waƙoƙin fina-finan farko da shi.