Kunamar Bindigar Toka: Tarihinta da Cututtukanta

'Yan'uwa mazauna Sabo, akwai wani tsohon ƙarfe da ke jingine a kusurwar ɗaki a wasu gidajenmu, ko a hannun maharbanmu da masu gadin dare. Bindigar toka ke nan, wadda wasu ke kira adaka, wasu kuma harba-ka-ruga. Mun gaje ta, amma sanin cikinta yana neman bin dattawa kabari.

Turawa suna kiranta da sunan mutanen Denmak, domin su ne suka yi fice wajen sayar da ita a bakin teku, daga ganuwarsu ta Christiansborg da ke Ankara ta ƙasar Gana, kafin su sayar wa Ingila wuraren nasu a 1850. Da yawa daga cikin bindigogin kuwa a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam aka ƙera su, kuma masu araha ake zaɓo wa Afirka. Shi ya sa tun ranar da ta sauka daga jirgi take buƙatar maƙeri.

A Arewa ba ta yi yawa da wuri ba. Baturen nan Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tana yaƙi da Gobirawa a 1826, ya tarar 'yan bindiga kaɗan ne a cikin dubban masu doki da kibiya, kowa in ya harba sai ya ruga baya ya sake ɗurawa. A nan ƙasar Yarabawa kuwa, da yake teku na kusa, bindiga ce ta gina ƙarfin Ibadan. Da ita aka yi yaƙin Ijaye wanda ya fara a 1860, da yaƙin Kiriji daga 1877 zuwa 1893, wanda sunansa ma daga ƙarar bindiga aka samo shi. Da Turawa suka yi yarjejeniyar Brussels a 1890, sai suka taƙaita shigo da bindigogin zamani, suka bar mu da ta toka. Lokacin da aka kafa Sabo a 1916, kakanninmu sun tarar da ita a hannun kowane maharbi, da maƙeran gari irin na Agbede Adodo suna gyaranta.

To me ake gyarawa? Matsalar tana gefe, wajen makunni. Can akwai guduma mai riƙe da dutsen ƙanƙara, da sifirin mai tura ta, da wani ɗan haƙori da ke maƙale ta idan an ɗana, sai kunama wadda ke sakin haƙorin. In an ja kunama, ƙanƙara ta kafci ƙarfe kamar ƙyastu, tartsatsi ya faɗa 'yar tasar albarushi, wuta ta bi wata 'yar huda ta shiga ciki. Daga baya aka samu mai 'yar hular tagulla wadda guduma ke doka, amma haƙori da sifirin da kunama duk suna nan yadda suke.

Tsofaffin maƙera suna da tsari. Da farko ba sa yarda da maganar mai bindiga cewa babu komai a ciki, sai sun zura sandar ɗuri sun auna da kansu. Sannan su fara daga abu mai sauƙi.

Idan kunama ta yi tauri, yawanci tsatsa ce ko dattin albarushi, ko kuwa katakon ya sha damina ya kumbura ya matse ƙarfen. Wannan sananne ne a nan Kudu inda raɓa ba ta ƙarewa. Wani lokaci ma mai ita ne ya ɗaure kusoshin da ƙarfin tsiya. A wanke, a shafa mai kaɗan, a sassauta, shi ke nan.

Idan guduma ta faɗi amma ba tartsatsi, sai a dubi ƙanƙara: ta dakushe ne ko tana rawa a mazauninta? In lafiyarta lau, to ƙarfen da take kafta ne ya yi laushi, sai maƙeri ya mayar da shi wuta ya ƙarfafa shi. In kuma gudumar ce ke sauka a kasalance, sifirin ya gaji ko ya tsage.

Idan wuta ta tashi a tasa amma bindiga ta yi shiru, 'yar hudar ce ta toshe ko albarushi ya yi sanyi. A nan ne ake asarar ido da rai. Wuta takan yi jinkiri a ciki, mutum ya juyo da baki yana leƙawa, sai ta tashi. Dokar maharba ita ce a bar bakin yana kallon inda ba kowa, a jira, kada a yi gaggawa.

Amma babbar cuta ita ce lalacewar haƙorin nan. In ya cinye, ko gurbin da yake shiga ya goge, bindiga ba ta riƙe ɗani. Ka jingine ta ta zame, ko ka yi tuntuɓe da ita, sai ta tashi ba wanda ya taɓa kunama. Abin takaici, wasu samari da kansu suke goge haƙorin da magagari wai don kunama ta yi laushi. Bahaushe ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Bindigar da ta ƙi tashi nama kawai za ta hana ka, wadda ke tashi da kanta kuwa maƙwabci za ta raba ka da shi, ko ɗan cikinka.

Mu baƙi ne da muka zama 'yan gari, gidajenmu manne da juna, yara cike da lungu. Harsashi ɗaya na kuskure a irin wannan wuri yakan zama fitinar da ta fi ƙarfin gida ɗaya. Manzon Allah (SAW) ya hana Musulmi nuna ɗan'uwansa da makami, ko da wasa ne. Dokar ƙasa ta 1959 kuma ta ba hukuma ikon hana riƙe ko bindigar toka ba tare da lasin ba.

Don haka duk mai ita a gida, kada ya ajiye ta a ɗure, ya raba ta da albarushi, ya nisanta ta da yara. In makunninta ya fara wasa, a kai wa maƙerin da ya san aikin, kada a ɗaure da waya ko roba. In ba a sami mai gyara ba, a cire makunnin a rataye ta don tarihi. Samarinmu masu sha'awar farauta kuma su zauna da dattawan da suka rage su koya tun suna raye.

Allah Ya tsare mu da tsautsayi, Ya zaunar da unguwarmu lafiya.