Yadda Siyasar Malam Aminu Ta Shiga Ƙauyukan Watari

Masu rubuta tarihin jam'iyyar NEPU sun fi tsayawa a birni. Su kawo ranar 8 ga Agusta 1950 da aka kafa jam'iyyar a Kano, su lissafa irin su Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin, sannan su bi Malam Aminu Kano tun daga ajiye aikin koyarwa a Maru har ya zama jagora. Duk gaskiya ne. Amma mu da muka yi wa siyasar nan hidima a ƙauyukan bakin Watari, tsakanin Bagwai da Bichi, mun san cewa abin da ya kafa ta a karkara rasit ɗin haraji ne, ba lacca ba.

Ƙasarmu ƙasa ce mai cunkoso, gona na jingine da gona, ba a barin saura. Mutum ya noma gero da dawa don ci, ya noma gyaɗa don haraji. Da kaka ta yi, umarni zai gangaro daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. A hanyar nan kuɗin yakan yi ƙiba. Wani ya biya ba a ba shi takarda ba, a dawo masa. Wani a rubuta masa ɗan da bai isa ba. Bafulatani ya biya jangali a kan shanun da suka mutu. Ga aikin tilas a gandun masu sarauta, ga gaisuwa, ga kotun alƙali da 'yan dokan En'e, wato hukumar sarki, duk a hannu ɗaya.

Abin da Malam ya koyar, wanda iyayenmu suka kawo ƙauye, bai fi jimla uku ba: ka tambayi nawa aka yanka maka, ka karɓi rasit, kada ka yi aikin da ba biya. Wanda ya riƙe wannan darasi a kowane gari yawanci ba attajiri ba ne, ba kuma ma'aikaci ba. Tela ne, ko mahauci, ko malamin allo da ya iya ajami, mutumin da abincinsa bai rataya a wuyan En'e ba. Shi ke sayar da katin jam'iyya mai tauraro, shi ke karanta wa mutane takarda, shi ke bin wanda aka kama har gaban alƙali. Kuma shi ake fara ɗaurewa, sau da yawa da laifin yin taro ba izini ko zagin sarki. Idan ya fito, a tarbe shi da "Sawaba!"

Zaɓen 1951 ya nuna wa mutane inda gizo ke saƙa. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma da yake zaɓen hawa-hawa ne, kafin a kai matakin ƙarshe an tace 'yan takararta kaf. Sai a 1959 Malam ya ci kujerar Kano ta Gabas a majalisar tarayya. Tsakanin nan an sha wuya a hannun 'yan bangar da ake kira 'Yan Mahaukata da kotuna, kuma mata irin su Gambo Sawaba sun sha ɗauri a lokacin da macen Arewa ba ta da ƙuri'a ma.

Mu namu zamanin na PRP ne, sabuwar jam'iyyar Malam, daga 1978. Tauraro ya koma mabuɗi, "Sawaba" ta koma "Nasara", amma dattawan da suka ba mu zaurukansu muka yi ofis su ne 'yan NEPU na da. Ba mu sha wahalar bayani ba. A kasuwar Bichi ko ta Badume, da ka ce za a soke haraji, ka gama magana. Mata kuwa, a wannan karo suna da ƙuri'a, suka fito da yawan da ya ba abokan hamayya mamaki. Abubakar Rimi ya ci gwamna a 1979, ya soke haraji da jangali, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Aka kafa hukumar yaƙi da jahilci, magidanta suka zauna koyon karatu da daddare. Madatsar ruwan Watari ma a wannan tsakani aka kammala ta, noman rani ya samu gindin zama.

Daga nan ne tafiyar ta fara ɗingishi. Jam'iyya ta rabu biyu, 'yan santsi na bayan Rimi, 'yan taɓo na bayan Malam. Rigimar daga sama ta taso, amma a ƙauye ta fi ciwo, domin wa da ƙani ne suka daina gaisawa. Aka yi tarzomar 10 ga Yuli 1981 da ta ci ran Dokta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, Sabo Bakin Zuwo ya karɓi gwamna, kafin shekara ta ƙare soja suka kwace mulki.

Akwai dalili na biyu na wannan koma-baya da ba a cika faɗa ba. Haraji shi ne ya haɗa kan talakawa, domin kowa yana biya, kowa ya san wanda ya karɓa. Da aka soke shi, zaluncin bai ƙare ba, sai dai ya daina zuwa da fuska ɗaya. Ya koma wa zai samu fili a ƙarƙashin madatsa, wa ruwa zai isa gonarsa idan magudana ta cushe, wa za a rubuta a rabon taki, nawa dillali zai sayi tumatir da shinkafa ranar da kasuwa ta cika. Waɗannan tambayoyi ne irin na NEPU tsantsa, amma ba mu gina mutanen da za su bi su ƙofa-ƙofa ba. Muka koma siyasar zaɓe kawai, daga kamfe sai kamfe.

Yau kusan kowane ɗan takara a Kano yana jingina kansa da Malam, gidansa na Mumbayya a Gwammaja kuma ya zama cibiyar bincike ta Jami'ar Bayero. Wanda ke son ya gaje shi a Watari, hanyar a buɗe take: ya nemi jerin sunayen rabon taki na mazaɓarsa, ya karanta wa manoma a bainar jama'a, ya kuma tsaya a wurin idan aka zo tambayar wanda ya ba shi izini.